Idon kyamara ya fi jikinta: nasiha ga matasan Wurno, Rabah da Goronyo

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya fara ɗaukar hoto da wayarsa a cikinku har abin ya shiga ransa, ba ya daɗewa sai ya fara tunanin mallakar kyamara ta sosai. Wadda ake yayi yanzu kuwa ita ce ƙaramar nan marar madubi a ciki, wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani. Tambayoyin da nake ji daga bakinku kusan iri ɗaya ne: wace kyamara ce ta fi, megafiksel nawa gare ta, wace shekara ta fito. Da ƙyar nake jin wanda ya tambayi wane ido zai ɗaura mata. Alhali duk hasken da zai zama hoto ta cikin gilasan idon nan yake bi kafin ya isa ciki, kuma abin da suka ɓata a hanya babu tsadar kyamarar da za ta maido da shi. Saboda haka ga inda na tsaya tun daga farko. In kuɗinka ba za su isa sabon jiki da ido mai kyau a lokaci ɗaya ba, ka sayi jiki na hannu mai lafiya, ka zuba abin da ya rage a ido guda ƙarami mai shan haske, ka zauna da shi har ka san halinsa a ranar Wurno da ƙurar Goronyo.

Yana da kyau ku san abin da ya sa waɗannan kyamarori suka ƙanƙance. Manyan da kuke gani a wuyan masu hoton biki suna da madubi a ciki, tsakanin ido da sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai. Aikin madubin shi ne ya karkatar da haske sama don mai ɗauka ya ga abin da yake saitawa, in ya danna sai madubin ya ɗaga haske ya wuce. Wannan ɗagawa tana bukatar fili, shi ya sa a kyamarorin Canon masu madubi tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura ido da sensa ta kai milimita 44, a na Nikon kuma 46.5. A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda aka cire mata madubin gaba ɗaya, mai ɗauka yana ganin abin da sensa ke gani kai tsaye a ɗan allo. Sony ta shigo a 2010, Fujifilm da Canon a 2012, sannan a 2018 Canon da Nikon suka fito da tsare-tsarensu na RF da Z. Tazarar ta koma milimita 18 a Sony, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Jiki ya sirance, wasu idanun ma suka samu damar ƙanƙancewa. Sai dai haske bai sauya hali ba. Ido mai shan haske da yawa, ko mai janyo nesa ƙwarai, dole ya yi girma da nauyi a kan kowace kyamara. In mai shago ya nuna maka ido ɗan ƙarami, ya ce yana da araha, yana janyo nesa, kuma yana gani cikin duhu, to ka tabbata akwai inda ya ƙara gishiri.

Kafin maganar inganci akwai ramin da na fi jiye muku, shi ne na baki. Kowane kamfani da irin bakin da idanunsa ke hawa. Idon Sony ba ya hawa Fujifilm. Ko a cikin gida ɗaya, idon Canon EF-M ba ya hawa Canon RF, kuma Canon ba ta yi adaftar da za ta haɗa su ba. Canon ta daina ƙera jerin EOS M masu bakin EF-M, Nikon ta rufe jerin Nikon 1 a 2018, Samsung kuwa ta bar harkar kyamara tun kafin nan. Irin waɗannan ne sukan fito a shagunan kayan hannu da farashi mai jan hankali. Ba na cewa ba su ɗaukar hoto mai kyau, domin EOS M50 da ɗan idonta na milimita 22 har gobe za su fitar da kai kunya. Amma ka saya da saninka cewa kamfanin ba zai ƙara ƙera mata sabon ido ba. Bakin Sony E shi ne wanda kamfanoni da yawa, irin su Sigma da Tamron da Viltrox, suka daɗe suna yi wa idanu, don haka zaɓi ya fi yawa a can. Bakin Micro Four Thirds kuma Panasonic da Olympus, wadda kyamarorinta suka koma sunan OM System, suke tarayya a kansa, idon ɗaya yana hawa jikin ɗaya.

A jikin kowane ido akwai lambobi iri biyu, wanda ya fahimce su ba a cutarsa da sauƙi. Ta farko ita ce ta milimita. Ƙaramar lamba kamar 16 tana kwaso fili mai faɗi, babba kamar 200 tana janyo nesa kusa ta ƙuntata fili. Girman sensa yana sauya lissafin. Cikakkiyar sensa, mai girman tsohon fim, milimita 36 ce a 24. Yawancin ƙananan kyamarorin da aljihunku zai iya ɗauka sensarsu APS-C ce, a nan sai a ninka lambar ido sau 1.5, ko 1.6 in Canon ce, a Micro Four Thirds kuma sau 2. Ke nan idon milimita 50 da ake ta yabo a intanet, in ka ɗaura shi a APS-C ya zama kamar 75. Ka shiga ɗakin amarya da shi, bango zai tare bayanka kafin mutum uku su shiga hoto. Lamba ta biyu ita ce mai harafin f, wadda ke nuna girman ƙofar da haske ke shigowa. A nan ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin yana tafiya 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana rage rabin hasken na bayansa. Ido mai buɗewa zuwa f/2 yana shan haske ninki takwas na wanda iyakarsa f/5.6.

Idon da ake haɗowa da kyamara a kwali, kamar Sony 16-50 mai f/3.5-5.6, ko Nikon 16-50 mai f/3.5-6.3, ko Canon 18-45 mai f/4.5-6.3, kada ku raina shi. Ka fita da shi fadamar Wurno da hantsi lokacin cirar albasa da tafarnuwa, ka sa f/8, zai ba ka hoto tsaf, ja na albasa da koren ganye da farin buhu duk su fito yadda Allah Ya yi su. Wanda ya ce ba a samun hoto mai kyau da shi, bai zauna da shi ba ne. Rauninsa biyu ne. Na farko, yawancin irinsa suna da bututu mai fita da komawa, wanda in ya bugu da ƙofar mota ko ya faɗi daga kan babur ya kan maƙale, gyaransa kuwa sai an nemi Kano ko Legas. Na biyun, wanda shi ne ainihin dalilin wannan nasiha, shi ne duhu.

Ku dubi yadda muke rayuwa a wannan yanki. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, rana tana korar kowa zuwa zaure, ƙarƙashin rumfa, gindin dogon yaro. Suna da sassafe ake yi a zaure. Hira bayan isha'i ce. Karatun allo na dare a gefen wuta ko fitilar sola ake yinsa. Rabin abin da ya cancanci a ɗauka a garuruwanmu a inuwa yake faruwa. A ce kana tsugune a zauren wani malami a Rabah, haske ɗaya ne ke shigowa ta ƙofa, yana sauka a gefen fuskarsa da hannunsa mai riƙe da alƙalami. Ka zuƙo da idon kwali, ƙofarsa ta tsaya a f/5.6. Kyamara ba ta da mafita sai ɗaya cikin biyu: ko ta bar shata, wato labulen da ke gaban sensa, a buɗe na tsawon kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, hannun malam da alƙalamin su zama jirwaye, ko ta ɗaga lambar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, sama, fuskarsa ta cika da tsaki-tsaki, kyan baƙar fata ya tafi. Ka ɗaura ido mai f/2 a wuri ɗaya da haske ɗaya, shata ta koma kashi ɗaya cikin 125. Alƙalami ya tsaya, tawadar da ke bakinsa ta fito, zanen rubutu a kan allo ya karantu. Wannan bambancin ba yawan megafiksel ke kawo shi ba. Kada kuma a ruɗe ku da na'urar hana girgiza da wasu idanu ke da ita. Hannunka take daidaitawa, ba ta hana yaro juya kai.

To wane ido? In jikinka APS-C ne, nemi wanda ke tsakanin milimita 22 da 35, marar zuƙowa, mai f/2 ko ƙasa. Sigma 30 mai f/1.4 ya yi suna a kan Sony, Fujifilm tana da XC 35 mai f/2 wanda ba shi da tsada a cikin danginsa, ga kuma Canon EF-M 22 da na ambata. A Micro Four Thirds akwai Panasonic 20 mai f/1.7, ɗan fale-fale da ke shiga aljihun riga. Kamfanonin Sin irin su Viltrox da TTArtisan da 7Artisans sun sauko da farashi ƙwarai, kuma wasu idanunsu sun isa aiki. Sai dai ka tambaya ko idon yana saita kansa, domin da yawa daga na TTArtisan da 7Artisans da hannu ake murza su. Daga baya, in Allah Ya hore, ka ƙara na hoton fuska, kamar Sigma 56 ko Olympus 45 mai f/1.8. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan nan suka ƙara tsada, don haka ba na son in ji wani ya ci bashi ko ya matsa wa mahaifiyarsa ta sayar da akuya saboda sha'awa. Wanda bai samu ba ya ci gaba da koyon haske da wayarsa, ba a asarar wannan karatun.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya samu ido mai babbar ƙofa. Zai ga yadda baya ke dishewa mutum ya fito sarai, sai ya bar shi a f/1.4 ko da yaushe. A wannan buɗewar abin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai. Ƙawayen amarya bakwai su jeru layi biyu, ɗaya ce za ta fito, sauran su dishe, kuma ba za a sake ɗaura auren don ka gyara ba. Hoton taro yana son f/4 ko f/5.6. Yawancin idanu ma a tsakanin f/4 da f/8 suka fi kaifi. Kuma disar da baya ba kullum ne alheri ba. In ka ɗauki masunci a Goronyo ka shafe ruwan da kwalekwalen da komar da ke bayansa, ka cire rabin labarin.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nace muku a kan ƙaramin ido, wanda masu sharhin kyamara na ƙasashen waje ba za su kawo ba domin ba a nan suke zaune ba. Mutanenmu sun sha wuya. Harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018 ya kori jama'a zuwa Gandi, harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ya ci rayuka da dama, Allah Ya jiƙansu da rahama. A wurin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, mutumin da ya tsaya daga nesa ya auna jama'a da doguwar bututuwa ya jefa kansa cikin zargi, kuma ba laifin masu zargin ba ne. Ido marar zuƙowa yana tilasta maka ka taka da ƙafarka, ka yi sallama, a san ɗan gidan wa ne, ka faɗi abin da kake so da hoton. Kafin ka danna an riga an saki jiki da kai, kuma hakan yana fitowa a fuska. Ƙaramar kyamara tana shiga ƙarƙashin riga ko jakar hannu a kan hanya, ba ta jawo idon ɓarawo.

Dogon ido yana da ranarsa. Dawakin hawan salla, tsuntsayen da ke sauka a fadama, kwalekwalen da ya yi nisa a dam ɗin Goronyo, waɗannan sai da shi. Irin 55-210 na Sony ko 40-150 na Olympus ba su da nauyi kuma sun wadatar da mai sha'awa. Amma ku san cewa da tsakar rana a bazara iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana rawa, duk abin da ke nesa sai ya fito a karkace ko da idon na miliyoyi ne. Hazon hunturu ma haka, yana wanke launi ya bar hoto fari-fari. Maganin ba a shago yake ba, fita da asuba ne, ko matsawa kusa.

Yanzu ga babbar abokiyar gaba, ƙura. A kyamara mai madubi, in an cire ido, madubi da shata suna gaban sensa. A yawancin marasa madubi kuwa, da ka kwance ido ga sensa nan tsirara tana kallon sama. Ka yi haka sau ɗaya a kasuwar dabbobi ta Achida lokacin hunturu, duk hoton da za ka ɗauka daga baya zai fito da ɗige-ɗige a sararin sama. Wannan ma wani dalili ne na zama da ido guda. In dole ne ka sauya, ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sabon idon yana hannunka a buɗe kafin ka kwance tsohon. Ido mai zuƙowa wanda ke tsawo da gajarta yana shaƙar iska da ƙurarta duk lokacin da ka murza shi. Wasu idanun suna da roba a baki da gaɓoɓi don rage shigar ƙura da ruwa, Fujifilm tana sa musu alamar WR, amma ragewa suke yi, ba hanawa ba. Ka mallaki ɗan famfon iska na roba, ka hura kafin ka goge. Kada ka goge gilashi da bakin riga ko gefen mayafi, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi, gogawa da ita kankare gilashi ne a hankali. Kada ka hura da baki. Ka ɗaura filta mai tsabta a gaba ta karɓi wahalar, amma mai kyau, domin filta mai araha tana jawo ƙyalli in kana fuskantar rana ko fitila. 'Yar malafar da ake ɗaura wa ido a gaba kuma kada ka bar ta a kwali, tana tare hasken gefe tana kuma karɓar bugu.

Da damina ta sauka matsalar ta juya. Laima a cikin jakar da aka rufe aka ajiye a lungu tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, ta yi zare-zare kamar yanar gizo, in ta daɗe ta ci fentin da ke kansa. Ka ajiye ido a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan iska. Kada ka bar shi a motar da aka rufe a rana ko a akwatin babur, zafi yana narkar da man da ke cikinsa ya malalo kan ganyayyakin ƙofa.

Da yake yawancinku na hannu za ku saya, ku shiga shago kamar mai sayen sa a kasuwa, wanda ba ya biya sai ya duba haƙori da kofato. Ka tafi da jikin kyamararka da katinka na ajiye hotuna. Ka cire murfi gaba da baya, ka haska tocilan wayarka ta baya kana duba ta gaba a karkace. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce, kowane ido na da ita. Abin gudu shi ne zaren fumfuna, ko hazo da ya lulluɓe gilashi, ko karce a gilashin baya, wanda ya fi na gaba illa. Ka dubi bakin ƙarfe da ƙusoshinsa, in kawunansu sun cinye to an taɓa buɗe shi. Ka murza zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko akwai ƙaras-ƙaras na yashi. Sannan ka ɗaura shi, ka tsaya daidai gaban bangon bulo ko jaridar da aka manna, ka ɗauka a buɗewarsa ta ƙarshe, ka sake a f/5.6. Ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. Duk ido yana ɗan laushi a gefe, amma in kusurwa ɗaya ta dishe ɗaya tana da kaifi, to gilashi ya goce a ciki, galibi saboda faɗuwa, ka ajiye musu abinsu. Ka sa shi ya saita kusa, ya saita nesa, sau da dama, ka saurari ƙarar injinsa. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Wanda zai yi oda daga nesa kuwa, ya yi sharaɗin mayarwa kafin ya tura kuɗi.

Gajartar tazarar nan da na faɗa a baya ta zo da wata riba da ba kowa ya lura da ita ba. Da adafta mai sauƙin kuɗi, kusan duk tsohon idon zamanin fim yana hawa kyamara marar madubi: Pentax Takumar, Minolta, Canon FD, har da Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Da hannu ake saita su, amma kyamarorin yanzu suna haska gefen abin da ya saitu da launi, don haka koyo ba ya wuya. Ku nemi dattawan da suka yi sana'ar hoto a Sakkwato da garuruwanku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaya ko akwai abin da ke cikin akwati. Ko ba ku samu ido ba, za ku samu wanda ya san yadda ake tsayar da mutum a haske, kuma wataƙila ku ga tsofaffin hotunan garinku da ba su a ko'ina.

Kada sharhin intanet ya hana ku barci. Can ana faɗaɗa hoto har ya wuce yadda wani zai taɓa kallonsa, ana jayayya a kan kaifin kusurwa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zane a rataye a baya, yau hotunansa suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Malick Sidibé ya bi matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogi da kyamararsa, a 2007 aka ba shi lambar zinariya ta girmamawa a bikin fasaha na Venice a Italiya. Kayan da ke hannunku yau sun fi nasu sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun san mutanensu, mutanensu sun yarda da su.

Abin ɗauka kuwa bai yi muku ƙaranci ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna a garin a 1853 zamanin Aliyu Babba, abin da ya bari rubutu ne da zane, kuma har yau masu bincike suna komawa gare su. Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce, ya kuma riƙe ta a matsayin hakimi daga 1934. Madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima, da aka gama a 1984, an gina ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta ga ambaliyar 2010 ta kuma ga janyewar ruwa mai tsanani a 2018. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a bakinta yana ɗauka da ido ɗaya a kowane wata na shekaru, zai tara shaidar da manoma da masana za su nema. A duwatsun ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku ta zamanin da teku ya rufe yankin, fiye da shekaru miliyan 65 da suka wuce, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Amma wanda ya nemi sunayen garuruwan nan a intanet yau, labarin hari ne zai fara cin karo da shi. Abin yana ci mini rai. Fati Abubakar ta ga irin wannan a Maiduguri, ta ɗauki kyamara ta riƙa nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a aikin da ta kira Bits of Borno, har duniya ta waiwayo. Ku 'yan mata musamman, akwai cikin gida, ɗakin kitso, wurin surfe da ƙunshi, inda namiji ba ya shiga, ku kaɗai za ku iya adana wannan, da yardar masu gida.

Yarda ita ce sharaɗi a ko'ina. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, a girmama su ba tare da gardama ba. Matar aure da yaro ƙarami sai da izinin wanda ke da hakki. A hubbaren Wurno ka tambayi masu kula da wurin kafin ka ciro kyamara. Shingen jami'an tsaro da sansaninsu ba wurin hoto ba ne, ƙofofin dam kuma suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, sai ka nemi izini. Kada ka sa hoton da zai nuna garken wani ko rumbunsa tare da sunan ƙauyensa a Facebook a irin wannan lokaci. Waɗanda suka rasa gidajensu kuma ba kayan kallo ba ne, in ba za ka iya zama ka ji ta bakinsu ba, ka bar kyamara a jaka.

In ka dawo gida, ka kwashe hotuna daga kati ka ajiye a wuri biyu, domin kati yana mutuwa waya tana ɓata. Ka rubuta sunan wuri da kwanan wata da sunan wanda ya yarda a rubuta. Waɗanda suka fi kyau ka kai a wanke su a Sakkwato, ko da ƙanana ne, ka kai wa masu su kwafinsu. A takarda ne za ka fi ganin ainihin aikin idonka, ko launin fata ya fito daidai, ko farar riga ta ƙone a rana, ko saitin ya sauka a ƙwayar ido ko a kunne, kuma daga nan za ka san ko lokacin ƙara ido na biyu ya yi ko da saura.